Da a ce Toyota ta sayi Ferrari, da mun same ta da araha?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Daura, da yamma ina taya yayana zama a shagonsa na kayan gyaran mota. Gardama ce ta kaure a majalisarmu. Wani ya ce da a ce Toyota ce ta mallaki Ferrari ko Lamborghini, da tuni an yi masu araha, masu ƙarko irin na Corolla, har kayan gyaransu su zo kasuwarmu. Wani kuma ya ce da ta lalata su. Don Allah wane ne ya fi gaskiya? Kuma an taɓa yin irin wannan cinikin?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Ka gaishe mini da yayanka da 'yan majalisar taku. Tambayar taka gida biyu ce. Kana son ka san ko babban kamfani mai ƙera motar kowa da kowa ya taɓa sayen ƙaramin kamfani mai ƙera motar gudu ta masu hannu da shuni, sannan in Toyota ce ta yi hakan, me zai biyo baya. Ta farkon amsarta a fili take: an yi, kuma ba sau ɗaya ba. Ta biyun hasashe ne, sai dai hasashe ne mai madogara, domin waɗanda suka riga suka bi hanyar sun bar mana sawu.

Ni na fara riƙe sifana a wani gareji cikin birnin Katsina lokacin da Fijo 504 ke mulkin titi. Daga baya na haɗa da dillancin mota, na yi shekaru ina zuwa Kwatano ina ɗauko wa mutane. Ban taɓa buɗe injin Ferrari da hannuna ba, don haka abin da zan faɗa a kanta karatu ne da bibiya. Amma motocin da aka haifa daga irin wannan auren na kamfanoni sun sha shigowa garejina, kuma a kansu zan jingina. A ganina, abokinka na farko ya canka a kan ƙarko, ya kuskure a kan araha. Na biyun kuwa tsoronsa yana da tushe, amma lalacewar ba dole ba ce, ta danganta da halin wanda ya saya.

Abin da ke kai ƙarami ƙofar babba

Ƙera sabuwar mota yana da wani kuɗi da ba ya canzawa, ko guda dubu biyu za ka yi ko miliyan biyu. Sai an zana inji an gwada shi, sai an rotsa motoci da gangan don a cika dokar kare rayuka, sai an bi dokokin hayaƙi na Turai da Amurka da kullum ake ƙara tsaurara su. Toyota tana raba wannan ɗawainiyar a kan Corolla, wadda aka sayar da sama da miliyan 50 tun daga 1966, sai ya zama kowace mota ta ɗauki ɗan kaɗan. Ƙaramin kamfani kuwa a kan 'yan ɗaruruwa zai raba. Shekara ɗaya in kasuwa ta tsaya, ya durƙushe.

Kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba, inji ba shi ne ke ba su wahala ba. Inji ai shi suka iya. Abin da ke kayar da su shi ne ƙananan abubuwa: wayoyin lantarki, iyakwandishan, makullin ƙofa, maɓallin ɗaga gilas, robar da ke hana ruwa shiga. Waɗannan sai wanda ya yi miliyoyi yake gane inda suke ciwo. Shi ya sa tsofaffin motocin gudu na Italiya suka yi suna da kyau da ƙarfi, suka kuma yi suna da kwana a gareji.

Mu Katsinawa ba ma buƙatar dogon bayani a nan, domin mun san doki. Tun zamanin Sarki Dikko ake wasan folo a garin nan, Sarki Usman Nagogo kuma ya kai sunansa ko'ina. Duk wanda ya taɓa kiwon dokin folo ya san ba ya ciyar da kansa. Gona ce ko kasuwanci ke ciyar da shi: harawa, dusa, kanwa, magani, da yaron da zai kwana a kansa. Attajirin da ke da amalanke ɗari zai iya sayen irin wannan doki ya kula da shi fiye da mai shi na farko. Abin dubawa shi ne, ran da ya ga kuɗin sun yi yawa, zai haƙura ya bar shi a matsayin dokin fili, ko zai ɗaura masa amalanke don ya fanshe kuɗinsa? Duk labaran da zan ba ka a kan wannan gaɓar suke juyawa.

Cinikin da ya watse a 1963

Wanda aka fi tunawa shi ne wanda bai ƙullu ba. A farkon shekarun 1960 Ford tana son matasan Amurka su daina kallon ta a matsayin motar iyaye, kuma hanyar da ta hango ita ce tsere. Shugaban Ford, Henry Ford II, ya samu labarin cewa Enzo Ferrari, wanda ya kafa Ferrari, na neman mai saye. Shi Enzo tsere ne a ransa. Motocin titi yana sayar da su ne don ya samu abin da zai ciyar da tseren. A 1963 aka tura tawaga Maranello, garin da masana'antar Ferrari take a Italiya, suka ƙirga duk abin da ke masana'antar, aka doshi daidaitawa a kan wajen dala miliyan 10 kamar yadda aka fi ruwaitowa. Tsarin shi ne Ford ta riƙe ɓangaren motocin titi, Enzo ya riƙe na tsere. Ana dab da sa hannu sai ya ga wani sharaɗi cikin takardun: duk kuɗin tsere da ya wuce wani adadi, sai ya nemi izini daga Amurka. Mai doki ya koma kuturi ke nan. Ya ƙi, ciniki ya watse.

Henry Ford II ya fusata, ya sa aka ƙera motar tsere GT40 don a kayar da Ferrari a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, wanda Ferrari ta ci sau shida a jere daga 1960 zuwa 1965. Ford ta ci 1966, 1967, 1968 da 1969. Ferrari ba ta sake ɗaukar wannan kofin ba sai 2023.

Amma ka lura, buƙatar kuɗin Enzo ba ta gushe ba don ya kori Amurkawa. A 1969 Fiat, wadda ita ma motar talakan Italiya take yi, ta sayi rabin kamfanin, ta bar masa ragamar tsere. A 1988, shekarar da ya rasu, kason Fiat ya kai kashi 90 cikin 100, ɗansa Piero ya riƙe 10. Wato abin da kuke gardama a kai ya riga ya faru ga Ferrari kanta. Shekara sama da arba'in tana gidan mai ƙera ƙananan motoci, kuma ba a taɓa yin Ferrari ta talaka ba. Abin da Fiat ta iya shi ne ta zuba kuɗi, ta gyara masana'anta, ta janye hannunta daga abin da ba ta sani ba.

To da Ford ce ta samu fa? Na farko, da ba a yi GT40 ba, tunda fushi ne ya haife ta. Sannan ina kyautata zaton da Ferrari ta shiga shagunan Ford a Amurka, yawanta ya ƙaru da wuri. Dalilina shi ne abin da Ford ta yi da De Tomaso Pantera daga 1971: jiki na Italiya, inji na Ford mai silinda takwas, ana sayar da ita a shagunan Lincoln-Mercury na Ford, kuma kafin shekara biyar ta cika Ford ta janye. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne ƙarshen labarin. Ford ta sayi Aston Martin a 1987, ta sayi Jaguar a 1989. Gaskiya ta yi wa Aston Martin rana, domin DB7 da ta fito a 1994 ita ta tayar da kamfanin, aka yi wajen guda 7,000, duk da cewa fitilunta na baya na Mazda 323 ne. Amma da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, Ford ta sayar da Aston Martin a 2007, ta sayar wa Tata ta Indiya Jaguar da Land Rover a 2008, ta sayar wa Geely ta Sin Volvo a 2010. Ban ga dalilin da zai sa Ferrari ta tsira daga wannan gwanjon ba.

Waɗanda suka saya suka saki

Akwai wani labari da ya kamata kowane makaniken Arewa ya sani, don ya taɓo gidanmu. A 1968 Citroën ta Faransa ta sayi Maserati, mai ƙera motocin gudu a Italiya. Suka haɗu suka yi Citroën SM a 1970, da injin Maserati mai silinda shida. Sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, masu sayen motoci masu shan mai suka ɓace, Citroën kanta ta durƙushe a 1974, Fijo ta karɓe ta. Fijo kamfani ne mai lissafin kwabo da kwabo. A watan Mayu na 1975 aka sanar da cewa za a rufe Maserati, sai da Alejandro de Tomaso ya zo da tallafin gwamnatin Italiya aka cece ta. A wannan shekarar ta 1975 masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara haɗa 504. Duk lokacin da na tuna wannan nakan ji abin ya taɓa ni: a shekara guda, gida ɗaya ya saki dokin fili ya rungumi na aiki, kuma mu ne muka ci moriyar na aikin, domin 504 ita ta yi shekaru tana jigilar mutanenmu tsakanin Katsina, Daura, Kano da Maraɗi. Ban ga laifinsu ba. Abin mamakin, tun 2021 Fijo da Maserati sun sake haɗuwa a inuwa ɗaya, kamfanin Stellantis.

Sauran zan wuce su da sauri, don salonsu ɗaya ne. Chrysler ta sayi Lamborghini a 1987 a kan wajen dala miliyan 25, a hannunta Diablo ta fito a 1990, Lamborghini kuma ta taimaka wajen aikin injin Dodge Viper, sannan a 1994 aka sayar wa wasu attajiran Indonisiya. General Motors ta riƙe Lotus, mai ƙera motocin gudu a Ingila, daga 1986 zuwa 1993. Daga nan Lotus ta bi hannu-hannu, ta shiga gidan Proton ta Malesiya a 1996, ta koma na Geely a 2017. Babba yakan saya lokacin da aljihu ya cika, ya saki lokacin da ya motse, domin ƙaramin ba ya cikin abin da ke ciyar da gida.

Inda aka dace

A 1998 Volkswagen, masu Golf ɗin da ke cike tashoshinmu, suka sayi Bentley da Bugatti da Lamborghini duk a shekara ɗaya, ƙarƙashin shugabansu Ferdinand Piëch. Lamborghini aka damƙa ta ga Audi, wadda ita ma ta gidan Volkswagen ce. A lokacin 'yan ɗaruruwan motoci take yi a shekara. Audi ta bar masana'antar a garinta na Sant'Agata Bolognese, ta bar mata injinta mai silinda 12 da siffarta mai tsoratarwa, ta shigo da abin da Jamusawa suka iya: lantarki, iyakwandishan, gwaji, da tsarin aiki. Gallardo da ta fito a 2003 an yi sama da 14,000 kafin a daina ta a 2013, kuma ita da Audi R8 'yan ɗaki ɗaya ne. Sai kuma Urus, babbar mota mai ƙofa huɗu, wadda ƙashin bayanta ɗaya ne da na Audi Q7 da Q8, Porsche Cayenne, Bentley Bentayga da Volkswagen Touareg. A 2023 Lamborghini ta miƙa motoci 10,112, fiye da rabinsu Urus ne. Masu ra'ayin riƙau suna cewa wannan ba Lamborghini ba ce. Ni ina ganin ita ce gonar da ke ciyar da dokin.

Wannan haɗin jinin na gan shi da idona. Wasu shekaru baya wani Alhaji ya kawo mini Cayenne ta farkon fitowa, mai silinda shida, ta Beljiyam ce, ta sha tafiya, lokacin canza fulogi da koyil ya yi kamar kowace mota. Yana tsaye a gefe riƙe da carbi, hankalinsa a tashe, don an gaya masa sai an yi odar kayan daga Turai. Na sa yaro ya ciro koyil ɗaya, na goge shi da tsumma, na juya shi wajen haske. Ga tambarin Volkswagen da na Audi a jikinsa, ga lamba. Na nuna masa. Injin nan ɗan gidan VR6 ne, dangin wanda aka taɓa sa wa Golf, kuma shi ne a cikin Touareg. Muka kira wani mai shago a Ƙofar Ruwa a Kano, muka karanta masa lambar, washegari direban tasha ya kawo mana guda shida a kwali.

Na zaci murna zai yi. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Injiniya, ashe Golf na saya da wannan kuɗin?" Na ce masa, "Alhaji, in mun gama ka hau hanyar Daura ka ji yadda take riƙe titi, ka ji birkinta, sannan ka dawo ka maimaita mini." Ya dawo bai maimaita ba. Amma tambayar tasa ta zauna mini, domin ita ce ainihin abin da manyan kamfanonin nan ke tsoro. Mai sayen irin wannan mota ya yarda a raba abin da ido ba ya gani. Ran da ya ga rabon a fili, ransa ya ɓaci, ko da motar lafiyarta ƙalau.

Waɗanda suka manta da wannan sun ji a jikinsu. Jaguar X-Type ta 2001 an gina ta a kan Ford Mondeo, kuma duk da mota ce mai kyau, wannan maganar ta bi ta har aka daina yin ta. Chrysler ta haɗa kai da Maserati a ƙarshen shekarun 1980 suka yi wata mai suna TC, sai ta fito tana kama da LeBaron ta Chrysler wadda ta fi ta araha nesa ba kusa ba, ciniki ya ƙi. Wadda ta fi kusa da tambayarka ita ce Aston Martin Cygnet ta 2011. Wata 'yar ƙaramar Toyota ce mai suna iQ, aka canza mata fuska, aka lulluɓe cikinta da fata, aka manna mata tambarin Aston Martin, aka ninka kuɗin fiye da sau biyu. 'Yan ɗaruruwa aka sayar, aka daina a 2013. Kama da wane ba ta wane.

To, Toyota fa?

Fara da girma. A 2023 rukunin Toyota ya sayar da motoci sama da miliyan 11, wato wajen 30,000 a kowace rana. Ferrari a wannan shekarar gaba ɗayanta 13,663 ta miƙa. Abin da Ferrari ke yi a shekara bai kai na rabin yinin Toyota ba. Amma ribar Ferrari a shekarar ta haura Yuro biliyan 1.2. In ka raba, kowace mota ta tashi da wajen Yuro dubu 90, ko da yake akwai kuɗin talla da na sayar da suna a ciki. Tun da aka kai ta kasuwar hannun jari ta New York a 2015, ta rabu da gidan Fiat a 2016, darajarta ta yi ta hawa, har ta zarce ta Ford da ta so sayen ta a da. Yau ba ta neman mai ceto. Iyalan Agnelli ta hannun kamfaninsu Exor, tare da Piero Ferrari, su ke da babbar murya a cikinta.

Wannan ribar daga ƙaranci take zuwa. Da gangan suke yin ƙasa da abin da kasuwa ke nema, mutum ya biya ya jira shekara ko fiye. Ko babbar motarsu mai ƙofa huɗu, Purosangue, sun ce ba za ta wuce wajen kashi 20 cikin 100 na abin da suke fitarwa ba. Kamar babbar riga ce mai aikin hannu: ran da aka fara buga ta a inji ana zubawa a kasuwar Laraba, wanda ya saba ɗinka ta don hawan Sallah zai nemi wata. Duk wanda ya biya biliyoyi ya sayi Ferrari, sannan ya yi ta da araha, ya ƙona abin da ya saya da hannunsa. Toyota ta fi kowa iya lissafi, ba za ta yi haka ba.

Hujjar ma tana gidanta. Da Toyota ta ga dama ta ƙera irin wannan mota da kanta, ta yi Lexus LFA daga 2010 zuwa 2012, da inji mai silinda 10 da suka yi tare da Yamaha. Guda 500 kacal, kowace a kan wajen dala 375,000. Ka ga ko a hannun masu Corolla, wannan nau'in bai sauko ba, domin kayan da ake yin sa da su da awoyin da ƙwararru ke ɓatawa a kansa ba sa sauka.

Inda abokinka ya yi gaskiya shi ne inganci. A farkon shekarun 1990 Porsche ta shiga mawuyacin hali, shugabanta Wendelin Wiedeking ya gayyato tsofaffin injiniyoyin Toyota su koya musu tsarin aiki. Suka tarar an tara kaya jibgi a kan dogayen kantoci, ma'aikaci na ɓata lokaci yana nema, suka sa aka rage, aka kawo kowane abu daidai lokacin da ake buƙatarsa. Kurakurai suka ragu, lokacin haɗa mota ya ragu, kamfani ya farfaɗo. Amma fitacciyar motarsu, 911, ba ta zama ta talaka ba. Abin da aka tsimi ya tafi cikin riba da sababbin motoci irin su Boxster ta 1996. Da Toyota ta riƙe Ferrari ko Lamborghini a shekarun da suke fama, haka nake zaton za ta kasance: mota mai tashi kullum da safe, lantarkinta tsaf, kuɗinta yana nan inda yake.

Abin da nake jin tsoro a madadin abokinka na biyu shi ne hali. Toyota gida ne mai haƙuri, ba ya fitar da abu sai ya gwada ya sake gwadawa, kuma shawara sai ta zaga ɗakuna da yawa. Motar gudu ta Italiya kuwa sau da yawa taurin kan mutum ɗaya ne ke haifar da ita. Kuɗi ba sa maye gurbin wannan: Toyota ta yi tseren Formula 1 daga 2002 zuwa 2009 da kasafi mai nauyi, ba ta ci ko ɗaya ba. Amma kada a raina ta, ta ci Le Mans sau biyar a jere daga 2018 zuwa 2022, kuma Ferrari ce ta karɓe kofin daga hannunta a 2023. Sannan ba kullum take haɗiye kamfanoni ba. Tana riƙe da wajen kashi 20 na Subaru suna yin GR86 tare, Supra ta 2019 kuma da BMW suka yi ta, a Ostiriya aka riƙa haɗa ta. Da ta shiga Ferrari, na fi zaton hannun jari za ta saya ta zauna gefe, kamar yadda Fiat ta yi.

Abin da zai iso shagon yayanka

A ce ma an yi cinikin. Motar kanta ba za ta zama ta hanyoyinmu ba. Cikinta dab yake da ƙasa, tudun rage gudu ɗaya a Mashi ya isa ya fasa mata bamba. Injinta yana son mai mai daraja fiye da wanda muka saba sha a gidajen mai, ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu, ga kwamfutar duba ta da sai wakilin kamfani ke da ita. Tayoyinta da birkinta da giyarta ba za su taɓa zama na Corolla ba.

Amma burin abokinka ya taɓa cika a wani wuri, kuma wannan ka kai musu majalisa. Lotus, ba tare da Toyota ta mallake ta ba, ta yi shekaru tana sayen inji daga wurinta. Daga 2004 Elise ta fara amfani da injin 2ZZ, na gidan Corolla da Celica. Evora, da Emira da ta gaje ta, suna ɗauke da 2GR mai lita 3.5, injin nan da ka sani a Camry mai silinda shida, da Highlander, da Sienna, da Lexus RX350, sai dai Lotus takan ƙara masa abin hura iska ta sake saita ƙwaƙwalwarsa. Duk makaniken da ya iya 2GR a Daura, in aka buɗe masa bayan Evora ba baƙo zai gani ba. Motar dai har yanzu ta masu kuɗi ce.

Don haka in wata rana mai Cayenne ko Q7 ko wata babbar baƙuwar mota ya tsaya ƙofar shagonku yana neman koyil, ko sensa, ko maɓalli, kada ku ce babu tun kafin ku duba. Ku ce ya kawo tsohon, ku goge shi, ku karanta lambar da tambarin da ke jikinsa, ku kira Ƙofar Ruwa da lambar, ba da sunan motar ba. Amma birki, da shoka, da duk abin da ke riƙe mota a kan titi, kada ku sa na 'yar'uwarta don ya shiga ramin, sai lamba ta zo daidai harafi da harafi, domin nauyin da gudun ba ɗaya ba ne.